Yaron da ba ya ganin allo, da kurakuran da muke ta maimaitawa a kansa

Na daɗe ina riƙe da alli a wata lakwal nan Damagaram, kuma duk shekara sai na ga iyaye sun faɗa ramin da ni ma na faɗa. Na gaji da tare mutum ɗaya-ɗaya a ƙofar aji, gara in rubuta.

Kuskuren farko nawa ne. 'Yar farina tana aji CE2, wato shekara ta huɗu ta firamare, ta fara kawo littafi a hargitse, 3 ta koma 8, rabin jimla babu. Ni da ake kira mushe, wato malamin lakwal, sai na ce wasa ne ya yi mata yawa. Na yi faɗa, har bulala na ɗauka, abin da har yau yake ci mini rai. Ta maimaita aji. Asirin ya tonu ne wata la'asar muna jiran kabu-kabu a bakin titi, na ce mata, "Ga baffanki can tafe, je ki gaishe shi." Ta matse ido ta ce, "Baba, ni dai wani farin abu nake gani yana motsi." Ashe ta ɗauka kowa haka yake gani. Yaro ba zai zo ya ce maka ba ya gani ba, don bai san akwai wani ganin da ya fi nasa ba.

Likitoci suna kiran abin miyofi. Ƙwayar ido ce ta yi tsawo daga gaba zuwa baya, sai haske ya haɗu tun bai kai tantanin da ke ɗaukar hoto ba. Na kusa garau, na nesa dishi-dishi. Tun daga lokacin, kowane Oktoba nakan rubuta haruffa a allo, in zaunar da kowane ɗalibi a bencin ƙarshe, ya rufe ido ɗaya ya karanta, sannan ɗayan. Mai matse ido da mai kwafa daga littafin maƙwabci, su nake aikawa awon ido.

Na biyun ya fi ba ni haushi. Da aka yi mata tabarau, Inna ta ce, "Wannan madubin shi zai ƙarasa idon. Kuma wa zai auri mai ido huɗu?" Na kasa musu da uwa, muka ce a aji kawai za ta riƙa sawa. Da lambar ƙarfin gilashin ta ƙaru muka ce ka gani, Inna ta faɗa. Haba jama'a! Takalmi ne ke sa ƙafar yaro girma? Idon ne ke tsawo tare da jiki, galibi har wajen shekara 20, da tabarau ko babu. Masu roƙon a rage ƙarfin gilashi wai kada ido ya saba, an gwada hakan, bai rage gudun abin ba. Wahalar da yaro kawai kuke yi.

Kada kuma ka je kasuwa ka gwada wa ɗanka tabarau na mai tebur. Waɗannan na dattawa ne da suka haura 40, masu neman ganin rubutun Alƙur'ani a kusa, alamarsu ta tarawa ce (+). Ɗanka mai alamar ɗebewa (-) yake buƙata. Awon yaro kuma yakan buƙaci a ɗiga masa maganin da ke saki tsokar cikin ido, in ba haka ba lambar tana iya fitowa ba daidai ba. Sau ɗaya a shekara aƙalla a koma. Ni wata shida-shida nake kai tawa. Wanda lambarsa ta kai -6 yana cikin haɗarin ɓallewar tantanin ido, don haka in ya ce yana ganin walƙiya ko wani labule ya sauko, ranar za a je asibiti.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne rana. Taiwan a 2010 ta sa makarantu su riƙa fitar da yara waje minti 120 kullum, saboda hasken waje yana jinkirta kamuwa. Mu da ranar take kyauta, mun kulle 'yan mata a ɗaki da wayar hannu. Ba sai a tsakiyar zafin Afrilu ba: safiya, bayan la'asar, ko inuwar darbejiya duk sun wadatar. A gidana waya takan kwana a aljihuna daga isha'i.

Sauran kuwa gajeru ne. Karas na dundumi ne, ba ya gajarta ƙwayar ido. Maganin ɗigawa na masu yawo da magani a ka, wasu akwai kotizon, maganin kumburi, a ciki, yana iya hawar da matsin ido. Wani tozalin akwai dalma. Tabarau na wa ba ya yi wa ƙane. Atirofin mai rauni, maganin ɗigawa da ake rage gudun miyofi da shi, likitan ido ne kaɗai zai rubuta. Lokacin hunturu kuma a ɗauraye gilashin da ruwa kafin a goge. 'Yata da gefen hijabi ta kankare nata na farko cikin wata uku.