Babi na 6: Wutar rana a gidajen zango

Darasi na 1

Iyayena da 'yan'uwana na ajin dare a Aboabo, dumso na 2015, wato yawan ɗauke wuta a Gana, ba sai an ba mu labarinsa ba. Wutarmu ta daɗe tana dogaro da ruwa: dam ɗin Akosombo tun 1965, na Bui a 2013. Yanzu hankali ya koma kan rana. Daga 2010 zuwa 2020 kuɗin farantin sola ya faɗi da kusan kashi 90 cikin 100 a duniya, kamar a ce kayan 100 ya koma 10. Batir ma ya bi sahu, kuma ana sa ran zai ƙara araha. Sola na nan tafe gidanku, sai ku koyi haɗa ta.

Darasi na 2

Kaya uku ne. Faranti yana kan rufi. Batir yana ɗaki. Kwantirola, ƙaramin akwati mai ramukan waya, yana tsakaninsu.

Batir ake fara haɗawa da kwantirola, sannan faranti.

Dubi kan batir. Alamar + layi biyu ne da suka gitta juna, nan jar waya take shiga. Alamar − layi ɗaya ne a kwance, ta baƙar waya ce. Ɗora yatsa a kai, ka faɗa da baki. Hannu na rawa? Ba komai, a hankali.

Me ake fara haɗawa? Batir. Daga batir kwantirola yake gane ƙarfin wutar, ko volt 12 ko volt 24. Idan faranti ya riga shiga, akwatin na iya ƙonewa. Batir tukuna, Hajiya. Batir tukuna, Alhaji.

Wajen cirewa sai a juya: faranti ya fara fita, batir a ƙarshe.

Sau huɗu na nuna wannan a allo, duk da haka makon jiya wani ya zo da akwati yana warin ƙuna, wai yaronsa ne ya haɗa. Haba jama'a! Wanda bai zo aji ba, don me za a miƙa masa waya? Rubuta a littafinka sau biyar: batir tukuna.

Darasi na 3

Faranti ya fuskanci kudu, a ɗan karkace. Da hunturu ƙura na rage wuta, a goge shi da jiƙaƙƙen tsumma da sassafe.

Darasi na 4

Batirin litiyam ya fi mai ruwa daɗewa. Tambayi mai sayarwa.