Yadda Ake Hawa Daga Damben Sha'awa Zuwa Kambun Duniya a Ajin Fedawet, Bisa Tafarkin Azumah Nelson

Ajin fedawet a damben zamani shi ne na 'yan damben da nauyinsu bai wuce fam 126 ba, wato kilo 57 da ɗan ɗori, kuma Afirka ta Yamma ta daɗe da saninsa. A shekarar 1957 Hogan Bassey, haifaffen Kalaba, ya doke Cherif Hamia a birnin Paris ya zama ɗan Najeriya na farko da ya riƙe kambun duniya, sannan a 1975 David Kotei na Gana ya karɓe kambun WBC, ɗaya daga cikin manyan hukumomin dambe na duniya, daga hannun Ruben Olivares a Amurka. Amma wanda ya fi dacewa matashi ya bi sawunsa shi ne Azumah Nelson, wanda aka haifa a Akra a 1958, domin ya taka kowane mataki na wannan sana'a a bainar jama'a, tun daga gasar da ake yi don lambar yabo har zuwa wadda ake yi don kuɗi, kuma ya sha kashi a inda shan kashin ke koyar da darasi.

Abin da za ka fara tabbatarwa shi ne ko jikinka na wannan ajin ne. Yawancin dambatawar sana'a a yau ana awon nauyi ne kwana ɗaya kafin a shiga fili, kuma wannan ya sa matasa da dama suke yaudarar kansu, su zauna da nauyin kilo 65 ko fiye, su ƙaurace wa ruwa da abinci a makon ƙarshe, su hau ma'auni suna jiri. Wanda ya yi haka yana iya cika sharaɗin awo, amma ƙafafunsa za su ci amanarsa bayan turmi na shida, kuma jikin da ya bushe ba ya jure dukan kai. Ka riƙa auna kanka kowace safiya kafin ka ci komai, ka rubuta a littafi, ka nuna wa kocinka. Idan ka ga ba ka kusantar iyakar ajin sai da azabtar da kai, to ka nemi aji na gaba tun da wuri.

Daga nan sai damben sha'awa, wanda ƙungiyoyin jiha da na ƙasa ke shiryawa, kuma ta nan ake zaɓen masu wakiltar ƙasa. Turmi uku ake yi, kowane na minti uku, don haka babu lokacin nazarin abokin karawa a tsanake. Wanda ya yi jinkiri a turmin farko ya riga ya ba da sulusin wasan. A nan ne za ka koyi tsayuwa, da taku, da kare haɓa, da aika hannun gaba a kai a kai. Wanda ya taso a damben gargajiya sai ya yi haƙuri da wannan na ƙarshen, domin hannun da ya saba riƙewa a matsayin garkuwa shi ne zai fi kowane aiki a damben zamani, shi ke auna tazara, shi ke buɗe wa hannun baya hanya. Babbar ribar wannan mataki ita ce yawan abokan karawa. A gasa guda kana iya haɗuwa da dogo yau, gobe bahago, jibi mai kutsowa da ka, ba tare da ka zaɓi ko ɗaya ba. Nelson bai bar damben sha'awa ba sai da ya ci lambar zinare a ajin fedawet sau biyu a shekarar 1978, ɗaya a gasar wasannin Afirka da aka yi a Aljiyas, ɗaya a gasar ƙasashen renon Ingila a Edmonton ta ƙasar Kanada. A ganina wannan shi ne ma'aunin da ya kamata ka yi amfani da shi: kada ka tsallaka sai ka dambata a wajen ƙasarka, a gaban alƙalan da ba su san sunanka ba, ka ga yadda kake idan babu mai yi maka kirari.

Nelson ya shiga damben sana'a a watan Disamba na 1979 a Akra. Ranar da ka yi irin wannan tsallakawa, ka ɗauka sabon aiki ka kama. Safar hannun ta fi ƙanƙanta, oza takwas a wannan ajin, saboda haka duka ya fi ratsa jiki. Turmi yana farawa daga huɗu ko shida, ya hau takwas da goma, har ya kai goma sha biyu a damben kambu. Alƙalai uku suna ba wanda ya ci turmi maki goma, wanda aka rinjaya kuwa tara, ko takwas idan ya kai ƙasa, kuma sun fi kallon dukan da ya yi ɓarna a kan wanda ya taɓa jiki kawai. Dole ka sauya horonka. Ka ƙara gudun safe, ka tsawaita gwajin dambe da abokan horo, ka koyi dasa ƙafa kafin ka kai naushi, sannan ka koyi dukan ciki da haƙarƙari, wanda ba ya burge 'yan kallo a turmi na biyu amma yake sauke hannun mutum a turmi na tara.

Akwai kuma batun takardu da mutane, wanda ya fi horo gundura amma ya fi shi cin 'yan dambe. Kana buƙatar lasisi daga hukumar damben sana'a ta ƙasarka, da shaidar likita. Manaja shi ke nema maka wasa ya yi ciniki a madadinka, mai shirya dambe kuma shi ke kafa taron ya biya ladan, kuma bai kamata mutum ɗaya ya riƙe maka matsayin biyu ba, tunda ribar mai shiryawa tana ƙaruwa ne idan ladanka ya ragu. A al'adar sana'ar manaja yakan ɗauki har kusan sulusin lada, koci kuma kashi goma cikin ɗari. Kada ka sa hannu a yarjejeniyar da ba a karanta maka ita a harshen da kake ji ba, kuma ka duba shekara nawa za ta ɗaure ka.

Hawan matakala ya kamata ya bi tsari. Nelson ya ci kambun Gana, ya ci na Afirka, sannan a 1981 ya ci na ƙasashen renon Ingila, kowane ɗaya yana buɗe ƙofar na gaba.

Sai dai dama ba ta jiran tsari, kuma a nan ne labarinsa ya fi amfani. A watan Yuli na 1982 aka kira shi cikin ƙurarren lokaci ya maye gurbin wani ɗan dambe, ya kara da Salvador Sanchez na Meksiko, mai riƙe da kambun WBC, a zauren Madison Square Garden da ke New York. Wasa goma sha uku kacal Nelson ya taɓa yi na sana'a, kuma kusan babu wanda ya san shi a Amurka, alhali Sanchez na cikin gwanayen da aka fi jin tsoro a lokacin. An shirya turmi goma sha biyar. Nelson ya matsa masa tun daga farko, ya faɗi a turmi na bakwai ya tashi ya ci gaba, bai saki ba har turmin ƙarshe, inda ya sake faɗuwa alƙalin wasa ya tsayar da damben. Ya yi rashin nasara, amma washegari masu shirya dambe sun san sunansa. Makonni uku bayan haka Sanchez ya rasu a haɗarin mota, ba a samu damar maimaitawa ba. Abin koyi a nan iri biyu ne. Ka zauna cikin horo ko da babu wasa a gabanka, domin kiran da zai sauya rayuwarka yana iya zuwa da wa'adin kwanaki kaɗan, kuma wanda ya bari nauyinsa ya haura ba zai iya amsawa ba. Sannan ka auna tayin da idon basira tare da kocinka. Nelson ya karɓa ne da tarin gogewar damben sha'awa a bayansa. Matashin da ba shi da wannan tushe, idan ya karɓi irin wannan tayi don kwaɗayin lada, abin da zai samu duka ne kawai.

Bayan shan kashin bai yi gaggawa ba. Ya koma ya tara nasarori har sama da shekara biyu, sannan a ranar 8 ga Disamba 1984 ya je birnin San Juan na Puerto Rico, gidan Wilfredo Gomez, wanda ke riƙe da kambun a lokacin. Kafin wannan rana WBC ta riga ta rage damben kambu zuwa turmi goma sha biyu, bayan mutuwar ɗan dambe Kim Duk-koo na Koriya ta Kudu a 1982 sakamakon dukan da ya sha a fili. Nelson ya kammala da Gomez a turmi na goma sha ɗaya. Ɗan damben Afirka ya sa a ransa cewa yawancin manyan wasanninsa a gidan wasu zai yi su, inda ihun jama'a ke iya jan hankalin alƙali a turmin da ya yi kankankan. Maganin wannan shi ne ka tanadi ƙarfi don sulusin ƙarshe na wasa, ka nemi gamawa idan ka ga ƙafar abokin karawarka ta fara rawa. A 1985 Nelson ya je Birmingham ta Ingila ya kwantar da Pat Cowdell a turmin farko a gaban 'yan ƙasarsa. Da alƙalai suka ba da kunnen doki tsakaninsa da Jeff Fenech na Ostareliya a Las Vegas a 1991, hukuncin da mutane da yawa suka ga an tauye Fenech ne a cikinsa, sai ya bi shi har Melbourne a watan Maris na 1992 ya tsayar da shi a turmi na takwas.

Wannan karawa da Fenech a aji na sama aka yi ta, wanda ya dawo da mu kan batun nauyi. Nelson ya kare kambun fedawet sau shida, sannan ya haura zuwa ajin fam 130, inda ya ci kambun WBC a kan Mario Martinez a 1988. Da ya ƙara hawa zuwa fam 135 a 1990, Pernell Whitaker ya rinjaye shi da maki, sai ya dawo inda jikinsa ya fi ƙarfi. Fam huɗu ko biyar abu ne ƙarami a kasuwa, amma a fili yana nufin dogon hannu da ƙashi mai nauyi, don haka ka hau aji ɗaya a lokaci guda, ka gwada kanka da abokan horo na wannan nauyin kafin ka sa hannu.

Lafiyar kai kuwa ba a yin ciniki a kanta. Davey Moore, wanda ya karɓe kambu daga hannun Bassey a 1959, ya rasu a 1963 kwanaki kaɗan bayan damben kare wannan kambun da Sugar Ramos. Idan an buge ka har ka fita hayyacinka, a wasa ne ko a wurin horo, ka cika wa'adin hutun da hukuma ta gindaya ba tare da neman sassauci ba. Ka je a duba idanunka a kuma ɗauki hoton ƙwaƙwalwarka kowace shekara, kuma idan ciwon kai ko amai ko gani biyu-biyu ya biyo bayan wasa, ka tafi asibiti a daren, kada ka jira gari ya waye.