Yadda jerin 'yan tsaka-tsaki zai lissafa kujerunsa kafin zagaye na biyu a zaɓen kansilolin Faransa

A zaɓen majalisar gari a Faransa, jam'iyyun tsaka-tsaki irin su MoDem da UDI da Horizons ba kasafai suke zuwa na ɗaya su kaɗai ba. Ƙarfinsu yana bayyana ne tsakanin daren Lahadin zagayen farko da ƙarfe 6 na yammacin Talata, lokacin da ake rufe karɓar jerin sunayen 'yan takara na zagaye na biyu. Duk wanda ya shiga cinikin haɗaka da wani jeri bai yi lissafi ba, zai sayar da ƙuri'unsa da araha.

Fara da duba inda ka tsaya. Jerin da ya samu kashi 10 cikin ɗari na halastattun ƙuri'u yana da damar sake tsayawa. Wanda ya samu daga kashi 5 zuwa ƙasa da 10 ba zai tsaya da kansa ba, amma zai iya haɗewa da jerin da ya tsallake. Ƙasa da kashi 5 kuwa an fita ke nan, kuma babu mayar da kuɗin kamfe.

Sai lissafin kujeru, kuma nan ne mutane suka fi ruɗewa. Jerin da ya zo na ɗaya yana kwashe rabin kujeru tun kafin a fara rabo, sannan a raba sauran tsakanin duk jerin da suka kai kashi 5, har da shi mai nasarar. Ɗauki garin da ke da mazauna tsakanin 10,000 da 19,999, wanda majalisarsa ke da kujeru 33. A ce halastattun ƙuri'u 8,000 ne: jeri na farko 3,600, na biyu 3,200, na tsaka-tsaki 1,200. Rabin 33 ana cika shi zuwa 17, duka na jerin farko. Saura 16. Raba 8,000 gida 16, ka samu 500, wato kuɗin kujera ɗaya. Na farko ya samu 7, na biyu 6, na tsaka-tsaki 2. Kujera ɗaya ta rage. Ita kuma ana raba ƙuri'un kowane jeri da yawan kujerun da ya samu a wannan rabo tare da ƙarin ɗaya: 3,600 gida 8 ya ba da 450, 3,200 gida 7 ya ba da 457, 1,200 gida 3 ya ba da 400. Ta faɗa hannun jeri na biyu. Sakamako: 24, 7 da 2. Kashi 15 na masu zaɓe sun tashi da kansila biyu kacal, kuma a ɓangaren adawa.

Yanzu sake lissafin da haɗaka. In jeri na biyu da na tsaka-tsaki suka haɗe, kuma duk masu zaɓensu suka bi, ƙuri'u 4,400 za su ba su kujeru 26. Wannan shi ne abin da za ka ɗora a kan teburi. Amma kada ka yaudari kanka: masu zaɓen tsaka-tsaki ba sa bin umarni gaba ɗaya, wasu za su koma ɗaya ɓangaren, wasu su zauna a gida. Yi lissafin sau biyu, ɗaya da nasara, ɗaya da faɗuwa.

Lissafin faɗuwar shi ne zai nuna maka gurbin da za ka nema. Kujeru suna bin tsarin sunaye daga sama zuwa ƙasa. Wanda aka ba gurbi shida tsakanin na 15 da na 26 ya samu alkawari ne kawai, domin in jerin ya faɗi, bakwai ko takwas na sama ne za su shiga majalisa. Nemi aƙalla mutum ɗaya ko biyu a cikinsu. A tattauna kuma muƙaman mataimakan magajin gari, waɗanda ba za su wuce kashi 30 na majalisa ba, wato tara a wannan misali, da kujerun majalisar haɗin gwiwar garuruwa da ake zaɓa a kan takardar ƙuri'a ɗaya. Mutane suna yawan mantawa da ita, alhali can ne galibi ake yanke maganar shara da sufuri.

Abin da ke rusa haɗaka sau da yawa aikin takarda ne. Dole sabon jeri ya ci gaba da bin tsarin namiji, mace, namiji, mace, don haka saka suna ɗaya yana girgiza duk na ƙasa da shi. 'Yan takarar da suka fito daga jeri ɗaya ba za su rabu zuwa jeri biyu ba, kuma jagoran jerinsu ne ke sanar da ofishin wakilin gwamnati inda suka nufa. Da zarar an canza sunaye, sai an sake tattara sa hannun 'yan takara, ga kuma buga sabbin takardun ƙuri'a. A tabbatar kowa yana gari ranar Litinin da Talata.

Tsayawa kai kaɗai ma hanya ce, in babu jituwa a kan manufa, sai dai tana da tsada. François Bayrou, wanda ya kafa MoDem a 2007, ya sha kaye da ƙaramar tazara a garin Pau a 2008, a zagaye na biyu mai jeri uku. A 2014, da goyon bayan jam'iyyar UMP ta masu ra'ayin riƙau, ya ci garin.

Kada a kwashi wannan lissafi a kai kowane zaɓe. A majalisun yankuna ladan mai nasara rubu'in kujeru ne ba rabi ba, don haka ƙaramin jeri ya fi samun rabo. A majalisun gundumomi babu jeri sam: namiji da mace ne ke tsayawa tare a kowace mazaɓa, kuma ma'aunin shiga zagaye na biyu shi ne kashi 12.5 na masu rajista, ba na waɗanda suka kaɗa ƙuri'a ba.