Keken ɗinki na farko: wanne za ki saya?

'Yar uwa in yanzu kika fara koyon ɗinki, shawarata ki fara da baƙin keken nan na ƙarfe mai ƙafa, irin Butterfly ko tsohuwar Singer. Ba ruwansa da NEPA, a kawo wuta ko a ɗauke ke dai taka kawai za ki yi, kuma ranar da kika ga kin gaji da takawa ana ɗaura masa ƙaramin moto ya koma na lantarki. Ɗinkin miƙe kaɗai yake yi, ba ya zigzag, amma ai shi ne abin da mai koyo ta fi buƙata, haɗa riga da siket na atamfa, kalmasa, sa zif.

Tsoho ko sabo? Ni dai tsoho mai lafiya ya fi min, ƙarfensa ya fi nauyi, kayan gyaransa kuma suna nan ko ina saboda Butterfly ɗin ma a kan tsarin Singer 15 aka ƙera shi, kwarkwaronsu ɗaya, wato ɗan abin da ake naɗa zaren ƙasa a kai. Amma tsohon sai da gwaji fa. Kar ki je ke kaɗai, ki tafi da mai koya miki ko wani tela, ki riƙe ƙyalle kala biyu, atamfa da wani mai kauri kamar jins. Ki ninka jins ɗin ki ɗinka, sannan ki juya ki duba ƙasa, in zare ya cukurkuɗe ko yana tsallake ɗinki to ko dai saiti ne ko allura, a canza allura a sake gwadawa a gabanki, in bai daina ba ki bar shi kome arharsa. Ki juya wilin da hannu a hankali ki ji ko yana cijewa, ki leƙa ƙarƙashi ki ga tsatsa, bel ɗin kuma in ya saki ba komai, sauya shi ba tsada.

Farare masu lantarki na zamani suna da daɗi, ga zigzag ga gidan maɓalli, sai dai masu arhar cikinsu roba ta yi yawa, in giya ta karye samun irinta wahala ne. In kuwa tokumbo ne daga Amurka ki duba bayansa, yawanci 110 ko 120 ne wutarsa, tamu kuwa 220 zuwa 240, in kika jona kai tsaye ba tiransifoma moton zai ƙone.

Indastiriya, wato babban keken masana'anta irin Juki, ki bari tukuna, gudunsa ya fi ƙarfin hannun mai koyo, allurarsa ma daban ce.

Ranar da za ki biya kuɗi ki haɗa da man keke, kwarkwaro kamar biyar, da allura lamba 14 ta atamfa da 16 ta yadi mai kauri. Man keke fa, kar ki ɗiga masa man gyaɗa, daskarewa yake yi ya riƙe keken.