Kurakuran da mutane ke yi a mashigin teku idan ruwa ya janye

Wanda bai saba da bakin teku ba, idan ya je mashigin teku, wato inda teku ta kutsa cikin ƙasa ta yi lungu, ya tarar ruwa ya janye ya bar fili fetal na yashi da laka, sai ya ɗauka wajen yawo ne. To wannan filin aro ne fa, mai shi na nan dawowa, kuma a mafi yawan gaɓoɓi sau biyu yake dawowa a rana.

Kuskuren da ya fi ba ni tsoro shi ne mutum ya tsaya yana kallon teku ta gabansa, wai idan ya ga ruwa na tahowa sai ya juya. Ruwan ba ta gaba yake fara zuwa ba. Ƙasan mashigi cike yake da ƙoramu da kwaruruka, su ruwa ke fara bi ya zagaya ta bayanka, kai kana kan ɗan tudun yashi ƙafarka a bushe ashe an riga an yanke maka hanya. A daren 5 ga Fabrairu 2004 a mashigin Morecambe na Ingila haka ruwa ya rutsa da 'yan China masu tonon ƙananan kawa a cikin yashi, aƙalla 21 suka rasu. Don haka ka riƙa waiwaye, kuma ka kama hanyar komawa tun ruwa bai juyo ba. Kar tafiyarsa ta farko ta ruɗe ka, a hankali yake farawa, amma kusan rabin ruwan gaba ɗaya a awa ta uku da ta huɗu bayan ya juyo yake shigowa.

Sai masu cewa ai jiya ƙarfe huɗu ruwa ya cika, yau ma haka ne. A'a. Wata ne ke jan ruwan, kuma tsakanin cika da cika awa 12 da minti 25 ne, shi ya sa lokacin ke matsawa gaba da kamar minti 50 kullum. Duba jadawalin cika da janyewar ruwa na ranar, na wannan wurin, kar ka ɗauki na wata gaɓa.

Cikar ma ba ɗaya ba ce. Lokacin tsayuwar wata da daren sha huɗu, rana da wata suna ja a layi ɗaya, ruwa ya fi hawa ya fi janyewa. Siffar mashigin ma tana ƙarawa, idan bakinsa faɗi ne cikinsa na tsukewa ruwan taruwa yake ya hau, mashigin Fundy na Kanada tazarar da ke tsakanin cika da janyewa kan kai kusan mita 16. Mai kwalekwale da ya ɗaure da gajeriyar igiya a irin wannan wuri zai dawo ya tarar da shi a rataye ko ruwa ya danne shi, a saki igiya da tsawo.

Laka kuma don Allah idan ta riƙe ka kar ka yi ta fizge-fizge, ƙara nutsewa za ka yi. Jefar da kayan da ke jikinka, ka kwanta ta baya ka baje hannuwa don nauyinka ya bazu, ka zare ƙafa ɗaya bayan ɗaya a hankali ko da takalmi zai tafi, kana yi kana kiran taimako tun ruwa bai iso ba.