Attarugu a Buhu: Me Ya Sa Fure Ke Zubewa?

Jama'a, masu shuka attarugu a tsakar gida, gyara daga reno yake farawa. A ciri iri daga attarugun da ya nuna jawur, a shanya a inuwa kwana uku. Zurfin shuka kada ya wuce rabin santimita. Yakan yi kwana 10 zuwa 21 kafin ya tsiro, don haka kada a yi ta malala masa ruwa don gajen haƙuri; haka tsiron ke ruɓewa daga gindi.

Idan ya yi ganye biyar ko shida, a yi dashe da yamma. Buhun siminti ɗaya, tushe ɗaya, a huda ƙasansa wuri shida. Haɗin ƙasa: kashi biyu ƙasar gona, ɗaya yashi, ɗaya takin da ya ruɓe sosai. Ɗanyen kashin kaji ƙona saiwa yake yi.

Babbar matsalar ita ce zubewar fure. Galibi zafin Maris da Afrilu ne, sai a matsar da buhun inda zai sha ranar safe, ya samu inuwa bayan azahar. Yawan yuriya (takin zamani) ma na jawo zubewar: ganye shar, 'ya'ya babu. Da fure ya fito a dakatar da ita, a barbaɗa tokar itace cokali biyu nesa da gindi. Ban-ruwa kuwa, a tura yatsa; in ƙasar da danshi, a bari sai gobe.

Ganye ya fara nannaɗewa? A duba bayansa, mai yiwuwa farin ƙuda ne, wasu ƙananan fararen ƙwari masu tsotsar ganye. A jiƙa dakakken ganyen darbejiya ya kwana, a tace, a sa ɗan sabulu, a fesa da yamma duk mako.