Yadda ake hana jeri canzawa a bayan idonka a Python

Na sha ganin mai koyon Python ya gyara jeri (`list`) ɗaya, sai wani jerin da bai taɓa ba shi ma ya canza, ya yi ta laluben kuskure a layin da ba shi da laifi. Ga hanyar da nake bi da ɗalibai har abin ya zauna musu.

Fara da haddace rabon nau'ukan bayanai gida biyu. `int`, `float`, `bool`, `str`, `tuple` da `frozenset` ba sa karɓar gyara bayan an ƙirƙire su. `list`, `dict` da `set` kuwa ana gyara su a inda suke. Gwada da hannunka: rubuta `gari = "kano"`, sannan `gari[0] = "K"`. Python zai jefo maka `TypeError`. Ko `gari.upper()` ba ya taɓa na asali, sabon rubutu yake miƙo maka, in ba ka ajiye shi a wani suna ba ya tafi ke nan.

Mataki na biyu shi ne inda ake zubewa, don haka zan daɗe a kansa. Alamar `=` ba ta kwafar komai. Suna kawai take liƙa wa abu. Duba:

`farashi = [500, 700, 1200]`
`ragi = farashi`
`ragi[0] = 400`
`print(farashi)`

Abin da zai fito shi ne `[400, 700, 1200]`. Ɗalibi na ganin haka sai ya ce ai shi `ragi` ya taɓa. Jeri ɗaya ne tun farko, sunaye ne biyu. Kamar yaron da ake kira Abba a gida, Sani a makaranta: in aka yi wa Abba aski, Sani ma zai je aji da sabon aski. In kana shakka, buga `id(farashi)` da `id(ragi)`, lamba ɗaya za ka gani, `farashi is ragi` kuma zai ce `True`.

To me ya sa lambobi ba sa yin haka? Yi `a = 5`, `b = a`, sannan `b = b + 1`. `a` na nan a 5, domin ba a gyara 5 ɗin ba, 6 aka samar aka mayar da sunan `b` kanta. A kan jeri ma `ragi = ragi + [900]` sabon jeri yake haifarwa, amma `ragi += [900]` tsohon yake gyarawa, don haka `farashi` ma zai canza. Wannan ɗan bambancin ya wahalar da mutane da yawa, har da waɗanda suka daɗe a harkar.

Kada ka tsaya a karatu. Shiga shafin Python Tutor, kyauta ne, zai zana maka kibiyoyi biyu suna nuna akwati ɗaya. Wanda ba shi da kwamfuta ya sauke Pydroid 3 a wayarsa, bayan saukewa waɗannan gwaje-gwajen ba sa cin data.

Na uku, yi kwafi na gaskiya. `ragi = farashi.copy()` nake so a rubuta. `farashi[:]` ma yana aiki, amma wanda zai karanta bayanka sai ya tsaya tunani, ni ba na karɓarsa a aikin ɗalibi. Sai dai wannan kwafin na sama-sama ne. In kana da `aji = [["Amina", 70], ["Musa", 55]]`, `aji.copy()` jerin waje kaɗai yake sabuntawa, na ciki har yanzu na tarayya ne, ka gyara makin Amina a kwafi ya canza a na asali. Nan sai `import copy` da `copy.deepcopy(aji)`. Yana da nauyi a kan manyan bayanai, kada ka riƙa watsa shi ko'ina. Tarko irin wannan ne `[[0] * 3] * 3`: sahu ɗaya ne aka nuna sau uku. Rubuta `[[0] * 3 for _ in range(3)]`.

Na huɗu, kada ka taɓa rubuta `def saka(abu, jaka=[])`. Sau ɗaya ake ƙirƙirar wannan jakar, lokacin da Python ya karanta layin `def`, duk kiran da ya biyo baya ba tare da an ba shi wata jaka ba cikinta yake zubawa. Sa `jaka=None`, a ciki ka ce `if jaka is None: jaka = []`.

Sauran a gurguje. Jeri ba ya zama mabuɗin `dict`, mayar da shi `tuple`. `tuple` mai ɗauke da jeri a cikinsa bai hana a gyara jerin ba. `maki.sort()` a wurin yake jerawa ya dawo da `None`, saboda haka `maki = maki.sort()` zai mayar da sunan `maki` kan `None`, in sabon jeri kake so yi amfani da `sorted(maki)`.